Tarihin Rayuwata (14): Dokar Halartar Lakca

A makon jiya na tsaya ne a kan yadda na ajiye alli a firamaren garinmu na tafi jami'a a shekarar 2010, inda takardar shaidar malanta ta NCE ta ba ni damar farawa daga aji biyu, ga iyali na bari a gida. Guzurin da Baffa ya yi mini, Allah Ya jiƙansa, bai wuce magana ɗaya ba: "Bin na gaba bin Allah ne, duk dokar da suka shimfiɗa maka ka riƙe ta." Saboda wannan magana, ɗan littafin dokokin ɗalibai da aka raba mana lokacin rajista, wanda yawancin abokan karatuna suka cusa a ƙarƙashin katifa, ni sai da na karance shi tas har gefensa ya yi baƙi.

Har gobe ina iya karanto abin da ke ciki. Maki 70 zuwa sama shi ne A, ƙasa da 40 kuwa faɗuwa ce, sai mutum ya sake ɗaukar kwas ɗin, abin da ɗalibai ke kira kari-oba. Maki 30 na gwaji da aikin gida ne, 70 na jarrabawar ƙarshen zango. Ba a yarda ɗalibi ya yi rajistar abin da ya haura yunit 24 (ma'aunin nauyin kwasa-kwasai) a zango guda ba, wanda CGPA ɗinsa, wato matsakaicin sakamakonsa gaba ɗaya, ya gaza 1.00 a ja masa kunne na shekara, in bai farfaɗo ba a sallame shi, satar amsa kuma kora ce. Sai dokar da ta zame mini ƙarfen ƙafa, wato duk wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 na lakcocin kwas ba, ba zai zauna jarrabawarsa ba. Ban taɓa ganin aibin ko ɗaya daga cikinsu ba, domin ni ma malami ne, na san abin da fashi ke yi wa yaro.

Aji biyu da aji uku sun wuce lafiya, ina kan matakin digiri mai daraja ta biyu babba, kuma ban taɓa roƙon kowa maki ba. Wannan ina faɗarsa da bugun ƙirji.

A zangon ƙarshe na aji huɗu aka haɗa mu da wani malami da ba zan ambaci sunansa ba. Tun kafin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aikinta a watan Yulin 2013, bawan Allah nan ba ya zuwa aji. Mukan cika ɗakin lakca tun ƙarfe takwas, mu zauna muna fifita da littattafai, sai can wakilin aji ya duba waya ya ce Malam ya yi tafiya. Da aka janye yajin a Disamba, aka matse kalanda, sai ya tattara duk abin da ya bari ya dunƙule a 'yan kwanaki, har da Asabar da Lahadi, kowane zama kuma takardar sa hannu na zagayawa. A daidai wannan tsakani ciwon Inna ya tashi, Yaya Babba ya kira ni ya ce in ina son in same ta da rai in taho. Na tafi, na yi jinyarta, a hannuna ta cika.

Abokaina sun ce in bari su riƙa sa mini hannu, kamar yadda ake yi wa wasu da ko hanyar ajin ba su sani ba. Na ƙi, domin littafin ya kira wannan zamba, kuma maganar Baffa na kunnena. Bara da 'yata ta fari ta sami gurbin karatu, sai da na zaunar da ita ta karanta mini nata littafin shafi bayan shafi, mahaifiyarta na cewa na cika tsanani. Na gaya mata bin na gaba bin Allah ne, amma na ƙara mata da abin da Baffa bai sani ba, shi da bai taɓa taka jami'a ba: duk takardar da za ta miƙa a ofis ta riƙe kwafinta, a buga mata hatimi a kai.

Da na dawo na tarar da sunana a allon sanarwa cikin waɗanda aka hana jarrabawa. Na sami malamin a ofis, na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, rasuwa aka yi mini, mahaifiyata ce." Bai ɗago kai daga takardun gabansa ba, ya ce, "Allah Ya jiƙanta. Doka ce, ba ni na kafa ta ba." Ko kujera bai nuna mini ba. Na rubuta koke ta hannun shugaban sashe, na haɗa da takardar asibiti, aka ce ai ta maras lafiya ce ba tawa ba, daga baya ma aka ce ba a ga koken ba. Babu wanda ya tambayi sau nawa muka zo shi bai zo ba, domin takardar sa hannu ɗalibi kaɗai take ƙirgawa. Waɗanda aka sa wa hannu kuwa sun rubuta jarrabawarsu, wasunsu yanzu manya ne, muna haɗuwa a wurin ɗaurin aure.

Kwas ɗin ba a koyar da shi sai a zango na biyu, don haka shekara guda cur na ƙara saboda yunit uku, na sake biyan kuɗin rajista da kuɗin da Yaya Babba ya sayar da tumakinsa ya ba ni. Na ci kwas ɗin da A. Amma kafin majalisar jami'a ta amince da sakamakona na haura shekara 30, dokar bautar ƙasa kuma ba ta ɗaukar wanda ya wuce haka, sai takardar yafewa aka ba ni. Kakin da Inna ta riƙa cewa tana son ta gan ni a ciki, ban taɓa sa shi ba.

Da na kai wa Baffa labari, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce na gaban ma akwai na gaba da shi. Ban amsa masa ba a ranar, kuma har yau ban yafe wa malamin nan ba, ko da yake ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yin haka. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo yadda na koma aji da takardar yafewa a hannu, da abin da ya faru a kan ƙarin matsayina.