Yadda muka kai bikinmu Jos daga Abuja ba tare da cin bashi ba

Tun da aka ga hotunan bikinmu mutane ke tambayata wai nawa muka kashe, wasu ma sun ɗauka kuɗi ne ya yi mana yawa har muka kwashi dangi zuwa wani gari. Wallahi rashin kuɗin ne ma ya kai mu. Ni a Kubwa na tashi, mijina ɗan Bauchi ne amma aiki yake a nan Abuja, kuma a 2024 muka yi aure, wato bayan cire tallafin fetur na 2023 lokacin da komai ya haukace, ka je tambayar hol yau su faɗa maka kuɗi ka koma sati mai zuwa ka tarar sun ƙara, kuma hol ɗin kaɗai fa, ba kujeru ba abinci ba dekoreshin.

Mijina ne ya fara kawo maganar Jos. Daga Bauchi kamar awa 2 ne, daga Abuja kuma ta Keffi da Akwanga awa 4 zuwa 5 in hanya ta yi kyau, kun ga kusan a tsakiya take, danginsa ba sai sun yi doguwar tafiya sun zo mun nema musu otal a Abuja ba. Amma gaskiya abin da ya rage mana kuɗi ba arhar Jos ba ce kawai, nisan ne. A Abuja in kin buga kati 200 sai mutum 500 su zo, kuma ba ki isa ki hana kowa shiga ba, ƙawar maƙwabciya da 'yan ofis ɗin Abba da waɗanda ko sunanki ba su sani ba. Da muka ce Jos ne sai ya zama duk wanda ya taso to da gaske don mu ya taso, kuma ba wanda zai ce an ware shi tunda kowa an gaya masa.

Inda aka sha fama shi ne gida. Gwaggo ta ce ita ba ta taɓa jin an ɗaura aure a garin da ba dangin amarya ba na ango ba, mutane za su ce wani abu ake ɓoyewa. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, biki a wajenmu na iyaye ne, su ma sun yi shekaru suna zuwa na wasu suna kai gudummawa. Umma ce ta zaunar da ni ta ce in bar maganar a hannun Baffa tunda shi ne waliyyina, kar in kuskura in yi musu da manya. Baffa ya saurara ya ce in dai akwai waliyyi da shaidu da sadaki aure ya ɗauru ko a ina ne, amma sai an yi wa matan unguwa nasu taron. Haka aka yi, aka haɗe sa lalle da kamu rana ɗaya a tsakar gidanmu, aka yi walimar mata bayan la'asar da malama ta yi nasiha, zoɓo da cincin da alkaki, Gwaggo ta tara mutanenta ranta ya yi fari. Don Allah duk mai son yin irin wannan kar ta tsallake wannan ɓangaren, kuɗin da zai ci kaɗan ne.

Watan Nuwamba muka zaɓa, damina ta wuce, sanyin Disamba da Janairu bai kankama ba, kuma ba a shiga lokacin Kirsimeti ba da 'yan Filato ke komawa gida masauki ya yi wuya. Duk da haka garin yana sama da mita 1,200 ne, da daddare akwai sanyi sosai, sai da muka yi ta jaddada wa tsofaffi su taho da rigar sanyi da safa, kuma kafin mu biya kuɗin masauki sai da aka tabbatar akwai ruwan zafi da barguna.

Ba mu kama ɗakunan otal ba, gidaje biyu muka kama na kwana-kwana a wajen Rayfield, ɗaya na mata ɗaya na maza, na matan yana da fili babba da ciyawa, a nan aka kafa rumfa aka yi liyafar da rana tsaka ba wanda ya yi gumi, kun ga ba kuɗin hol ba kuɗin dizal na esi. Dina kam ban yi ba kuma ban yi kewarta ba. Girki 'yan'uwan Umma ne suka yi da wasu mata biyu da aka ɗauko a gari, cefane a kasuwar Farin Gada, kabeji da karas da latas da koren wake da dankalin turawa sabbi fil, kuɗin da bai kai na kasuwar Wuse ba.

Mai kwalliya da mai hoto duk a Jos muka ɗauka, in kin taho da na Abuja ke za ki biya musu mota da ɗaki da abinci. Sai dai a samu ɗan gari ya yi ciniki. Wata mai dekoreshin da na kira da kaina tana jin daga Abuja nake ta faɗi wani kuɗi, da ƙawata da ta yi Jami'ar Jos ta je mata ido da ido sai ga shi ya sauko sosai. Ita ce kuma ta haɗa Baffa da limamin masallacin da aka ɗaura bayan Juma'a, ya nemi takardar gwajin jini tun kafin ranar.

Maganar mota mun fito da ita fili tun farko. Iyaye da kakanni mu muka ɗaukar musu bas da masauki, ƙawaye da abokan ango kowa ya kawo kansa, ni kuma na ce ba anko, kuɗin ankon a yi kuɗin mota da shi, kowa ta sa abin da take da shi. Kuma ba tafiyar dare, wannan ban yi sassauci a kai ba, ana idar da sallar asuba aka tashi don a haye Hawan Kibo, wato hawan dutsen da ke kan hanyar Jos, da rana, kuma satin bikin kullum sai mun kira mutanen gari mun ji lafiyar gari.

Hotuna a duwatsun Shere muka yi da safiyar Asabar, daga nan aka wuce da ni Bauchi buɗar kai, motar 'yan Abuja kuma ta juya gida. Abin da ya ragu a hannunmu shi muka cika muka biya hayar shekara a Lugbe.