Abin da Ɗaukar Hoton Yanyawa da Almuru Ya Koya Mini

A ƙasarmu almuru ba ya daɗewa. Daga faɗuwar rana zuwa lokacin da ido zai kasa rabe sawun akuya da na kare a kan yashi, minti 20 ne da 'yan kai, kuma a ɗan tsakanin nan haske yana raguwa da rabi kusan duk bayan minti 3. Masu ɗaukar hoton jar yanyawa a Ingila sun samu sauƙi biyu. A lokacin zafinsu almuru kan ninka namu tsawo, sannan dabbar tasu ta saba da mutane, tana yawonta a unguwannin Landan ƙarƙashin fitilun titi. Tamu ta Sahel ba ta san wannan ba. Tana wuni a rami, ba ta leƙowa sai magariba ta kawo jiki, wato daidai lokacin da kyamara ta fara gazawa.

Wadda na fi bi ita ce mai launin yashi da baƙin bakin wutsiya, wadda ake samu tun daga Senegal har Sudan. Nauyinta bai cika wuce kilo 3 ba. Akwai 'yar uwarta ta cikin hamada mai manyan kunnuwa, wadda da ƙyar take haura kilo 1 da rabi, ana samunta a wurare irin gandun Termit da Tin Toumma da Nijar ta keɓe a 2012. Ni dai aikina a jigayin Damargu na yi shi, arewa da Damagaram, inda gonakin gero ke ƙarewa makiyaya ta fara.

Kowa ya fara wannan sana'a, zuciyarsa tana kan dogon gilashi, irin mai janyo nesa kusa. Ana ganin da zarar an mallaki mai milimita 600 magana ta ƙare. Abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne, gilashin da talaka zai iya saya, yana ƙara tsawo ƙofar haskensa tana tsukewa. Irin masu milimita 150 zuwa 600 da kamfanonin Sigma da Tamron suke yi, in ka ja su ƙarshe ƙofar tana komawa f/6.3, kuma lambar f ɗin nan tana ƙara girma ƙofar tana ƙara tsukewa. Mai f/2.8 yana shigar da haske kusan ninki 5 na wannan, amma kuɗinsa ya isa sayen mota. Nawa mai milimita 400 ne, f/5.6. Rana na faɗuwa nakan kasance a ISO 3200 (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, ana ƙara shi in duhu ya yi), ƙiftawar kyamara, wato ɗan lokacin da take buɗewa haske ya shiga, wajen 1/200 na daƙiƙa. Bayan minti 10 na koma ISO 6400, ƙiftawar ta sauka zuwa 1/40. Ƙa'idar da ake koya wa ɗalibai kuwa ita ce mai riƙe da milimita 400 a hannu kada ya sauka ƙasa da 1/400. Lissafin nan ba ya fita, ko ta ina ka juya shi.

Na'urar hana rawar hannu da ke cikin gilashi tana taimakawa, amma hannunka kawai take tsayarwa, ba ta tsayar da dabba. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba ta kyamara ba ce: yaushe yanyawa take tsayawa cik da kanta?

Tana tsayawa. Idan za ta fito, kunnuwa ne ke fara bayyana, sai kai, sai ta tsaya a bakin rami tana saurare, tana shinshina iska. Wani lokaci ta zauna ta yi susa, ta sake daskarewa. A wannan tsayuwar, 1/40 ya isa, har gashin bakinta kana iya ƙirgawa a hoton. Da ta ɗaga ƙafa ta nufi kiwonta, shi ke nan, duk abin da ka ɗauka zane ne kawai mai launin ƙasa. Tun da na gane haka na daina bin ta da kyamara. Nakan saita gilashin da hannu a kan bakin ramin tun da sauran rana, domin saitin da kyamara ke yi da kanta yakan ruɗe a duhu, ya yi ta kai da komo, balle dabba mai launin yashi a kan yashi. A tazarar mita 15 da f/5.6, wurin da zai fito tar, daga gaba zuwa baya, bai kai rabin mita ba, don haka sai ka san takamaiman ƙofar da za ta ɓullo.

Nan ne aikin yake, domin gidan yanyawa ba ƙofa ɗaya gare shi ba. Ramin kan yi zurfin mita 2 zuwa 3, ya miƙe har mita 15 a ƙarƙashin ƙasa, da ƙofofi da dama, wasu an daɗe da barinsu. Wani dattijon makiyayi ne ya koya mini karatunsu. Ya tsuguna a bakin wata ƙofa, ya nuna saƙar gizo da ta rufe ta da tsinin sandarsa, ya ce, “Malam, wannan ba kowa ciki.” A ta gaba ya nuna mini sabuwar ƙasa da aka watso, da ƙananan sawu da iska ba ta riga ta shafe ba, da kashi mai fukafukan fara da ƙwallon magarya. Na ce, “Baba, yaushe take fita?” Ya ce in na ji an kira salla a rugar can, in sa ido. A ganina sa'a ɗaya tare da irin wannan mutum ta fi ƙarin milimita 200 amfani, kuma ya kamata a sallame shi kamar yadda ake sallamar kowane malami.

Sauran abin na jiki ne. Nakan kwanta rub-da-ciki tun bayan la'asar, iska tana bugowa daga ramin zuwa gare ni, ba daga ni zuwa ramin ba. Sandar kyamara mai ƙafa uku tana ɗaga ka sama ta kuma nuna ka. Ƙaramin buhu da aka cika rabi da gero ya fi ta: ka binne gilashin a kai, ba motsi, kuma idonka yana daidai da idon dabbar. Sai dai a zo da tabarma, don ƙarangiya ba ta san mai hoto ba, in ta kama wando har gida za ka kai ta. A duba ƙasa kuma saboda kunama. Ƙarar kyamara a kashe ta in tana da wannan damar, domin kunnen da ke jin motsin ɓera a cikin yashi ba zai rasa jin ƙyas ɗinka ba.

Iskar da ke tsakaninka da dabba ita ma gilashi ce, kuma ba mai kyau ba. Yashin da ya sha rana yana ci gaba da fitar da zafi, hoto ya yi ta rawa kamar kana kallon abu ta saman murhu. Da hunturu ga hazo, yana cinye rana tun kafin ta kai ƙasa, ya kwashe maka wasu mintoci daga ɗan abin da kake da shi. Duk mitar da ka rage tsakaninka da dabbar ka rage ɓarnar da iskar nan ke yi wa hoto. Shi ya sa asuba ta fi mini magariba: ƙasa ta huce, haske ƙaruwa yake yi, yanyawa kuma kan ɗan yi jinkiri a bakin rami kafin ta shige.

Game da tsaki-tsakin da ISO mai yawa ke zubawa a hoto, na daina jin tsoronsa. In ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta yi wa gyara ba, kwamfuta tana rage shi sosai. Hoton da ya motsa kuwa ba shi da magani. Farin wata ba ya ceto, haskensa bai kai kashi 1 cikin 10 na ƙarshen almuru ba. Filashi da tocila na ajiye su. Idonta yana da wani fefe a ciki mai mayar da haske, sai ya fito a hoto kamar garwashi biyu, ga shi ka dallare dabbar da za ta kwana tana neman abinci da idon nan. Ban kuma zuba mata nama don ta matso, domin wadda ta saba karɓa daga hannun mutum, gobe akurkin kaji za ta nufa.

Maganar kaji ba wasa ba ce a ƙauye. Matar da aka kwashe wa 'yan tsaki ba ta ganin kyan kunnuwan yanyawa, kuma tana da gaskiyarta. Ramin da aka sani, ana iya toshe shi ko a haƙe shi a yini ɗaya. Don haka in na nuna hoto ba na faɗin sunan gari, nakan goge bayanin wuri da kyamara ko waya ke liƙa wa hoto, kuma in yara sun biyo ni da yamma, sai mu je mu ɗauki hoton raƙuma a bakin rijiya, ramin ya jira wata ranar.