Yadda na zaɓi aksil na baya ga motar da na haɗa a Jos

Sana'ata ɗaukar dankalin turawa ce daga Bokkos zuwa kasuwar Farin Gada, wani lokaci kuma har Abuja. Da na ga kuɗin sabuwar babbar mota ya fi ƙarfina, sai na sayi tsohon shasi da inji mai lafiya, na yanke shawarar haɗa tawa a wani gareji da ke Dilimi. Aikin ya tafi daidai har muka iso kan aksil na baya, wanda shi ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin kaya, kuma shi ke miƙa ƙarfin inji ga tayoyi.

Na farko da na saya kayan Beljiyam ne, kuma girmansa da tsabtarsa ne suka ruɗe ni. Ban tambayi yawan haƙoran da ke cikinsa ba. Ashe babban faifan giyar da ke cikin tulun tsakiyarsa yana da haƙora 37, ƙaramin da ke juya shi kuma 9, ma'ana furofela, wato sandar da ke kawo juyin inji zuwa aksil, za ta juya sau huɗu da 'yan kai kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Irin wannan an yi shi ne domin shimfiɗaɗɗiyar kwalta, inda ake son gudu da ƙarancin shan mai. A ranar da na taso daga Abuja da lodin taki, na iso Hawan Kibo, motar ta riƙa nishi ko a giya ɗaya, warin kuloci ya cika gaban mota, har sai da yarona ya sauka yana biye da mu da weji a hannu.

Da na koma gareji, makanikin ya ce mini, "Alhaji, wannan aksil ba shi da laifi, hanyarku ce ba tasa ba." Ya kai ni wurin wani aksil mai ƙarin giya a cikin kowace ƙafa, irin wanda ake gani a tifofin yashi. Da yake ana ƙara rage juyi a can bakin taya, tulun tsakiya ƙarami ne, saboda haka ba ya dukan ƙasa a hanyoyin gona da damina ta zaizaye. Muka ɗaga shi a kan jak, muka shata alama da alli, muka juya ƙafafun biyu tare zagaye ɗaya, sai furofela ta kusa juyawa sau shida.

Kafin in biya, mun auna tazarar mazaunin sifirin, mun tabbatar noti 10 ne a kowace ƙafa kamar na gaba, domin safaya ɗaya ta shiga ko'ina, sannan mun zubar da man cikinsa a kwano muna duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe. Sai da aka rage tsawon furofela, kuma na dage a kai ta wurin masu injin juyi, domin waldar da ba ta daidaita ba girgiza take jawowa, ta ci boris.

Motar yanzu ba ta da gudu, tana kuma shan gas fiye da dā idan na miƙa daga Akwanga zuwa Keffi, ga ƙafafun da ke ɗaukar zafi, sai ina duba mansu a kai a kai. Amma idan na gangaro Hawan Kibo da cikakken lodi, inji ne ke riƙe ta a ƙaramar giya, ba na taka birki har ya yi hayaƙi kamar yadda nake yi a baya.