Tawadar Kawu da Tawadar Japan

Daren Alhamis da ta wuce, a gidanmu na Tawa, na nuna wa kawuna bidiyon wata 'yar Japan tana haɗa launukan zane. Kawu malamin allo ne, tun ina yaro da hannunsa yake haɗa tawadarsa, kuma bai cika kula abin da ke cikin waya ba.

Wannan zane sunansa Nihonga, sunan da ya samu a zamanin Sarki Meiji na Japan, wanda ya fara a 1868, domin a bambanta shi da zanen fentin mai da ya shigo daga Turai. Shuɗinsa daga dutsen azurit ake niƙa shi, kore daga malakit, fari kuwa, da suke kira gofun, daga ɓawon kawa ne, wata halittar teku, da aka bari shekaru yana shan rana da ruwan sama kafin a daka. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda dutse guda ke ba da launi mataki-mataki gwargwadon niƙa: idan garin ya yi tsaki-tsaki launin yakan yi duhu, idan ya yi laushi sai ya yi haske. Garin ba ya kama takarda ko siliki sai an kwaɓa shi da nikawa, danƙon da ake dafawa daga fatar dabba, kuma da yatsa ake kwaɓin a ɗan faranti.

Kawu bai tanka ba sai da aka zo kan sumi, baƙar tawadarsu, wadda ake yi da baƙin hayaƙi da wannan danƙo, a busar da ita kamar ɗan sanda, a riƙa goga ta a kan dutse da ruwa.

"Ɗana, mayar da shi baya," in ji shi. "Wannan ai baƙin tukunya ne da ƙaro. Su fata ta ba su danƙo, mu itace ya ba mu."

Sau uku ya kalla. Ko kalma ɗaya ta Japananci bai sani ba, amma ya bayyana mini dalilin da ya sa matar take auna danƙon a hankali: idan ya yi yawa launin ya tsage, idan ya gaza ya kakkaɓe. Haka masu Nihonga su ma suke faɗa. Ni da na karanta tarihin abin ban gane wannan daga motsin hannunta ba, shi kuwa ya gane, domin yatsunsa sun san aikin.

Da safe ya kira ni zaure, ya miƙo mini ɗan kurtu cike da sabuwar tawada, ya tambaye ni ko akwai hanyar da za a aika wa baiwar Allah nan ta gwada.