Inji bai san ka faɗa ruwa ba

Ɗan ƙanwata ya sayi injin jirgi. Tsoho ne, mai ƙarfin doki 15, ya bi hannaye da yawa kafin ya iso Yauri, fentin hularsa duk ya koɗe. Ranar kasuwa na same shi a bakin kwata ya cire hular, filaya a hannu, yana shirin datse wayoyi biyun da suka fito daga maɓallin kashewa. Wai maɓallin yana shan ruwa, yana kashe masa inji a tsakiyar gulbi. A hannun tuƙin kuma na ga abin da ya fi tayar mini da hankali, robar tsohon tub ce ya naɗe totur da ita don ya tsaya inda aka murɗa shi.

Na ce, "Kai, in ka yanke, da me za ka riƙa kashe shi?"

Ya ce, "Cok mana, Kawu. Ko in zare tiyon mai."

"In kana cikin ruwa fa, shi yana sama?"

Ya yi dariya. "Haba Kawu, ni da aka haifa a bakin ruwa?" Ya mayar da abin jin waƙarsa kunne, ya ci gaba da aikinsa.

Ban zage shi ba, don amsar da ya ba ni tawa ce. Da bakina na taɓa faɗinta, da wannan dariyar.

Nawa injin ma na hannu ne, kuma da na saye shi ba shi da komai sai ɗan baƙin maɓallin roba da ake dannawa. Damina ɗaya ya yi robar ta tsage. Da an yi ruwan sama ko taguwa ta watso, sai inji ya fara tari ya mutu, in ja igiya har kafaɗa ta yi tsami bai tashi ba. Da na gano maɓallin ne, na fizge wayar na naɗe bakinta da salatef na cusa a ƙarƙashin hula. Inji ya daina mutuwa. A raina na zama gwani, har ina koya wa wasu.

A yi mini adalci dai. A lokacin ban taɓa ganin kowa a kwatarmu da jar igiyar nan da ake ɗaurawa a jiki don ta kashe inji in matuƙi ya faɗa ruwa ba, masu kaya ba su kawo ta, wanda ya koya mini tuƙi ma da cok yake kashe nasa har Allah ya karɓi ransa a kan gadonsa. Ni kaɗai nake aikin mutum uku, ni ne matuƙi, ni ne mai kwarfe ruwa, ni ne mai gyara kaya in sun karkace. Hannu biyu Allah ya ba ni, shi ya sa na ɗaure totur da roba. Ga iyali, ga bashin injin ban gama biya ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma kuma gaskiya ne cewa wani bakanike ya taɓa gaya mini, a gaban mutane, in sayo sabon maɓalli, na ce masa kasuwa yake nema. Kuɗin bai kai abin da nake kashewa a shayi da sigari cikin mako ba.

Abin ya faru da yamma, ina dawowa daga wajen tafkin Kainji da kwandunan busasshen kifi, lokacin da ruwa ya fara ja da baya. Wanda ya san tafkin ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Tun da aka kammala madatsar a 1968 ruwa ya shanye daji da gonaki da garuruwa, har tsohuwar Bussa, kuma kututturai da duwatsu suna nan, in ruwa ya ragu sai su matso kusa da sama ba ka ganinsu. Na san wannan sarai. Duk da haka ina tsaye, gwiwata na tokare da hannun tuƙi, ina kwarfe ruwa da ƙwarya. A gaba akwai yaron jirgina, ɗan maƙwabcina ne, ko balaga bai yi ba.

Ƙara ɗaya na ji, sai ga ni cikin ruwa ta baya.

Na taso ina tofar da ruwa, ina cewa a raina jirgi ya tafi, sai dai in yi iyo zuwa gaɓa. Ashe bai tafi ba. Farfela in tana juyawa tana tura inji gefe guda, hannunka ne ke danne shi ya tafi a miƙe. Da ka saki, inji zai karkata har ƙarshe, jirgi ya kama zagaye, kuma zagayen nan ta inda ka faɗa yake bi. Na ga gaban jirgina ya juyo ya nufo ni, yaron ya rungume kwando yana ihu. Na nutse. Har yau ina iya ganin cikin jirgin yana wucewa ta saman kaina, baƙi, da facin gwangwanin da na buga masa da hannuna, ga wani kuka siriri na farfela da ba ka jin irinsa sai kunnenka na cikin ruwa. Numfashi ya ƙare na taso, ya sake zuwa. A wannan karon ban nutse da kyau ba, farfela ta sami sha-raɓata ta dama. Ban ji zafi ba a lokacin, wani sanyi kawai na ji, sai ruwan ya canza launi.

Yaron ya yi abin da na koya masa, ya rarrafa ya zare tiyo. Inji bai mutu ba. Man da ya rage a kafireto ya ci gaba da sha, yana zagaye, sai da ya ƙone shi tas. Wannan ita ce dabarar da nake taƙama da ita a kwata. Wasu masunta da ke ɗaga taru nesa kaɗan su suka tsamo ni.

Da aka tambaye ni na ce ƙaddara ce, kuma ƙaddara ce. Ban ce komai game da roba da salatef ba. Ƙafar ta warke, da ɗingishi kaɗan in sanyi ya shigo. Abin da bai warke ba shi ne fuskar uwar yaron nan ranar da ta zo duba ni. Ta gaishe ni, ta yi mini sannu, ta ajiye kunu, ba ta ɗago ido ta dube ni ba. Da shi ma ya faɗo, ban san da wane baki zan shiga gidansu ba. Wani lokaci nakan ce ai duk matuƙin da ya daɗe a ruwa sai ya gamu da ranarsa, ko da maɓalli ko babu. Ba na daɗewa a kan wannan tunanin, don na san ba kututturen ne ya yanke ni ba.

Kuma kada ku ɗauka na yi hankali nan take. Na sa aka kawo mini maɓalli mai jar igiya aka ɗaura, na saka a ƙafa kwana kaɗan, abokai suka fara ce mini akuyar turke. Sai na naɗe igiyar a hannun tuƙi, ta zauna can tana shan rana, ni ina yawo a jirgi hankali kwance wai ina da makashin inji. Mutum da tabo a ƙafa! Daga baya na ji labarin wani iyali a Padstow ta ƙasar Ingila a 2013, su shida jirgi ya watsar a ruwa, ya yi ta zagaye a kansu, uba da 'yarsa suka rasu. Jirginsu na zamani ne, yana da igiyar, ba a ɗaura ta a jiki ba ne kawai. A Amurka tun watan Afrilu na 2021 doka ta tilasta wa masu ƙananan jiragen shaƙatawa su ɗaura ta in suna gudu. Mu a nan hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa tana ta fama da mu kan rigar ruwa da lodin wuce kima da tafiyar dare, igiya kuwa sai wanda ya ga dama.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma na san ku matasan matuƙa, ba kwa karanta abin da ya wuce tsawon allon waya. Kuna tsaye a kan jirgi yana gudu, hannu ɗaya na ɗaukar bidiyo don TikTok. Mu namu wautar aƙalla neman abinci muke yi.

To ga yadda abin yake aiki. Waɗannan ƙananan injuna su suke haɗa wutarsu da kansu, ba batir suke jira ba, saboda haka ba a kashe su da yanke waya. Ana kashe su ne da haɗa wayar wuta da jikin inji, wutar ta zube can, fulogi ya daina tartsatsi. Shi ya sa wanda ya datse wayar maɓalli yake samun injin da ba ya mutuwa. Maɓalli mai igiya yana da waya biyu da ɗan maƙali na roba. In maƙalin yana ciki wayoyin a rabe suke, in aka fizge shi sai su haɗu. Akwai wani iri da ke aiki akasin haka, na injuna masu batir, kada a sayar muku da shi. A gwada da mitar gwajin wuta tun a shago.

Waya ɗaya ta tafi inda tsohon maɓalli yake haɗe, wato wayar kashewa da ta fito daga akwatin CDI mai sarrafa wutar fulogi, ɗayar a ɗaure ta ƙarƙashin noti a jikin inji, a kankare fenti da tsatsa tukuna. A Yamaha wayar kashewa fara ce, ta jiki baƙa. A Johnson da Evinrude da Mercury baƙa ce mai ratsin rawaya. Amma kada ku dogara da launi, tsohon inji ya sha hannun mutane, kowa ya jona wayar da ya samu. Ku bi waya da yatsa daga tsohon maɓallin har inda ta shiga. Kada wutar batir ta taɓa wannan wayar, akwatin zai ƙone. A rufe mahaɗin da kyau kuma, don wayar tana jan mutum, ruwa in ya shiga zai dawo muku da tarin da ya sa na fizge tawa. In injin tsoho ne tukuf mai kwantak, sai an ɗaga babban faifan sama kafin a kai ga wayoyin, kuma mai silinda biyu yana son waya daga kowane kwantak. Wannan kam ku kai wa bakanike, kada ku kama faifan da guduma.

Kai, duka ma ku kai wa bakanike. Sai dai kada ku yarda da shi. Ku tsaya a kansa, ku ga inda kowace waya ta bi, don ranar da za ta kwance a tsakiyar tafki ba ya nan. In ya gama, inji na cikin ruwa, giya a firi, a tayar, ka fizge igiyar da hannunka. In bai mutu nan take ba kada ka biya. Kada a gwada a tudu babu ruwa, robar famfon sanyaya inji za ta ƙone.

Sannan ka ɗaura igiyar a jikinka, a cinya sama da gwiwa ko a rigar ruwa, kullum, ko haye ɗaya za ka yi. Na ce kullum, alhali ni kaina ina kwance ta in zan je gaba gyara kaya. Amma sai na rage wuta na sa a firi, kuma ban ce ku kwaikwaye ni ba. Kada ka ƙara mata tsawo da wata igiya don ka sami sakewa, gajartar ita ce amfaninta. In rana ta cinye ta ta saki, a canza. Robar totur kuwa a yanke ta yau, ba ni da wata magana a kanta.

Ka sayi maƙali na biyu ka rataye kusa da inji. In ka faɗa ruwa da naka a ƙafa, inji ba zai tashi ba sai da wani, kuma wanda ya rage a jirgi yana bukatar ya dawo ya ɗauke ka kafin ruwa ya tafi da kai. Ka nuna wa yaronka inda yake, ka koya masa sakawa da tayarwa, ka gaya masa in ya matso kusa da kai ya kashe inji ya ƙaraso da filafili.