Injin zarton da ya tashi, amma bai warke ba

Warin tankin ya kamata ya fara ankarar da ni. Da na buɗe murfin, ba fetur na shaƙa ba, wani wari ne mai tsami kamar na tsohon fenti. Mai injin ya ce ya fi shekara biyu a ajiye, "amma lafiyarsa ƙalau na ajiye shi." Har yau ban ga mai sayar da tsohon inji da ya faɗi akasin haka ba. Ƙaramin injin zarto ne, irin na rage rassa da yankan itacen wuta, nauyinsa kilo 4 da ɗan ɗoriya, allon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai kuma santimita 35. Na ɗaga shi da hannu ɗaya, na ga jikinsa bai fashe ba, na biya. Lissafina a lokacin: a wanke kafireta, a sa sabon fulogi, sai riba.

Maigidan da nake koyon kanikanci a wurinsa bai ko kalli kafiretar ba. Ya kama marikin igiyar tayarwa, ya saki injin yana lilo. Injin ya riƙa sauka a hankali, yana tsayawa yana ci gaba.

"Ka yi haka kafin ka biya?"

"A'a, maigida."

"To ka yi sa'a. Da ya zarce ƙasa sululu, da ƙarfe ka saya."

Abin da yake aunawa shi ne ƙarfin matsin da fistin ke yi a cikin silinda. Daga nan ya sa na kwance salansa, noti biyu kacal, na haska fitila ta ramin hayaƙi. Ta nan ake ganin gefen fistin da zobensa. Akwai 'yan siraran layuka guda biyu, amma farce ba ya kamawa a kansu, zoben kuma yana motsi a gurbinsa. Aikin minti biyar ne, kuma shi ke raba injin da za a gyara da wanda za a cire wa kaya. Ni kuwa sai da kuɗi suka bar hannuna sannan na yi shi.

Kafireta ba ta ba ni wahala ba. Ta irin wannan inji ba ta da kofin mai kamar ta janareta. Wata siririyar roba ce ke bugawa tana jawo fetur, shi ya sa zarton ke aiki ko an juya shi ta kowace fuska. Tsohon mai ya busar da robar ta zama kamar busasshen ganye. Na canza ta, na wanke 'yar ragar da ke ciki, na sa sabon tiyo da matatar tanki, na daidaita bakin fulogi a kan rabin milimita. Ja na huɗu ya tashi. Na ji kaina ya yi girma.

Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Idan ya yi zafi, silo sai ya hau da kansa, sarƙa ta fara tafiya ba a taɓa totur ba. In na kwantar da shi a gefe ɗaya, muryarsa ta canza. Sai na ɗauki sukundireba na buɗe sukurun da aka rubuta wa L, na ƙara masa mai har ya lafa. Maigida yana can yana wani aikin, amma kunnensa na wurina.

"Kai yaro, toshe masa baki ka yi. Zagaye nawa ka buɗe?"

Na faɗa masa. Ya ce injin da ke neman mai fiye da ƙa'ida, iska yake sha ta inda bai kamata ba.

Wannan ne abin da na fi daɗewa ina juyawa a raina. Injin zarto ba shi da ma'ajiyar baƙin mai a ƙasa kamar mota. Man da ke shafe fistin da boris a cikin fetur yake tafiya, shi ya sa ake haɗa su, galibi kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, wato mililita 100 a lita 5. Haɗin kuma ta ƙasan fistin yake bi kafin ya hau sama ya ƙone. Don haka duk wata 'yar ɓula a wannan ɗakin na ƙasa tana tsarma haɗin da iska: fetur ya ragu, man shafawa ya ragu tare da shi, zafi ya ƙaru. Mugun abin shi ne injin da ke cikin wannan hali daɗin ji gare shi. Gudu yake yi, yana fitar da siririyar ƙara, wanda bai sani ba sai ya ce ƙarfi ne. Haka zai yi ta yi har ranar da fistin zai narke ya manne. Waɗancan layuka biyu da na gani ta ramin hayaƙi, somin-taɓi ne.

Muka toshe mashigar iska da mafitar hayaƙi da guntayen roba, muka hura masa iska har matsinta ya kai kimanin rabin "bar" a ma'auni, sai allurar ma'aunin ta dinga sauka. Na yayyafa ruwan sabulu. Kumfa ta taso a bayan kuloci, daidai robar da ke rufe bakin kiranshaf, sandar ƙarfen da fistin ke juyawa. Ƙanƙanuwar aba ce, zoben yatsa ya kusa kai ta girma, amma sai da na cire kuloci da famfon man sarƙa kafin na kai gare ta. Kuloci ma ya ba ni kunya, domin zarensa na hagu ne: na yi ta ɗaurewa ina zaton kwancewa nake yi. Bayan canjin, sukurun L ya koma inda masu ƙera shi suka ce ya zauna, silo ya tsaya cak.

Saura sarƙa. Da na gwada a kan gungume, gari take fitarwa kamar na niƙa, alhali mai kaifi ɓawo-ɓawo take zubarwa. Na wasa ta da zagayayyen magagari mai milimita 4, a karkace digiri 30. Yankan farko ya tafi a baude. Haƙoran ɓangare ɗaya sun fi guntu, saboda hannuna ya fi sakewa ta can. Dole na koma ina ƙirga shafa, haƙori bayan haƙori. Akwai kuma ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori, mai iyakance zurfin cizo. Tazararsa milimita 0.65 ce. In an bar shi da tsawo sarƙa ba ta ci, in an zaftare shi da yawa sai ta riƙa cafka tana fizgar hannu. Siffar haƙorin nan, Joseph Cox ne ya fito da ita a Amurka wajen 1947, bayan ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin itace. Tun da na ji haka nake yi wa tsutsa kallon mutunci.

Birkin sarƙa kuwa ban yi ciniki da kaina a kansa ba. In saman hancin allon ya taɓa itace, zarton kan yi tsalle ya nufo fuskar mai riƙe da shi cikin ƙiftawar ido, birkin ne ke tsayar da sarƙar. Na gwada shi ya fi sau goma.

Da na tara abin da na kashe da kwanakin da na ɓata, na ga da ƙyar kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Mai saye na farko manyan itatuwa yake son kayarwa. Na ce masa wannan ba sa'ansu ba ne, zai kashe injin ya kuma gaji a banza. Ya tafi, raina bai so ba. Na biyu, mai 'yar gonar itatuwa, ya ce in tayar masa kawai ya ji.

"Malam, taɓa nan tukuna," na ce, na ɗora hannunsa a kan silinda. Da sanyinta. Na san dabarar ɗumama inji kafin mai saye ya iso, ban kuma so ya yi mini wannan zaton ba. Ya tashi a gabansa, na miƙa masa, na sa ya yanka gungume har injin ya yi zafi, sannan muka ajiye shi a ƙasa muka saurari silo. Na nuna masa hoton layukan fistin da na ɗauka a waya. Ya yi amfani da su ya rage mini kuɗi, kamar yadda na zata. Na rubuta 50:1 a jikin tanki da alƙalamin fenti, na ce kada ya bar haɗaɗɗen mai ya wuce wata guda a ciki.

Bayan makonni ya dawo da zarton a hannu, gabana ya faɗi. Ya ce ya daina ci. Na duba haƙoran, duk sun yi ƙyalli a baki: ƙasa ya taɓa da su wajen yanke kututture. Na ɗauko magagari, na ja masa kujera, na ce ya fara ƙirga shafa.