Sansanin ƙwallo na jami'o'in Amurka

Iyaye 'yan uwana da ke Amurka, mun kai yaronmu sansanin da kociyoyin jami'a ke duba 'yan sakandare. Imel ɗin gayyatar nan fa ba shi kaɗai aka tura wa ba, yara ne rututu kuma kuɗi za ku biya, da safe atisaye da yamma wasa, har yadda yaro ke yi in ƙwallo ta kuɓuce masa suna lura wallahi. A dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, kocin Division I (rukunin farko na jami'o'in) ba zai nemi yaro ba sai 15 ga Yuni bayan ya gama aji 10, kar shirun ya karya masa gwiwa. Su jami'o'in Division III (rukuni na uku) ba sa ba da sikolashif na wasa, ku tambayi tallafin karatu tun wuri.